ZAUREN 'YAN MATA: Kafin Ki Je Landan, Kin Ga Zariya?



Na san halinku da littattafan soyayya. Da an ɗaura aure a shafin ƙarshe, sai ango ya ɗauki amarya sai Landan cin amarci. To bari yau in ba ku labarin abin da baƙi suka fi yi in sun sauka can. Akwai wasu motocin safa masu hawa biyu, samansu a buɗe ba rufi. Ki sayi tikiti ɗaya na yini guda, ki hau, ki sauka inda kika ga dama, in wata ta zo ki sake hawa. Za a bi da ke ta Fadar Bakingham, da hasumiyar agogon Big Ben, da gadojin kogin Tems. Wani na bayani da lasifika, ko ki saƙala abin ji a kunne ki zaɓi harshen da kike so. Me suke sayarwa? Tarihin garinsu ne kawai, wallahi ba wani abu ba.

Mu fa? Kullum muna ratsa namu tarihin a cikin bas, ido na kan gyale da takalmin wata. Zo mu tashi daga PZ. Kin san ma'anar sunan kuwa? Paterson da Zochonis ne, Turawa 'yan kasuwa biyu da kamfaninsu ya shigo Nijeriya a 1899, kantinsu ya bar wa unguwar suna. Ga tashar jirgin ƙasa nan kusa. Zuwan layin dogo wajen 1911 shi ya haifi Sabon Gari, shi ya sa kike ganin Yarbawa da Inyamurai da Nufawa kowa da layinsa tun kaka da kakanni.

Mu miƙe hanyar Sakkwato. In mun wuce Kwangila sai Palladan, inda aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a 1964, kuma mata ma suna koyo a ciki. Gaba kaɗan sai Samaru, ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Ki dubi ƙofar nan da kyau, ki ƙudurta a ranki wata rana da littafi a hannu za ki shige ta.

In muka juyo muka haye Kubanni, sai Tudun Wada. Nan kamfanin Gaskiya yake, tsohon gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939. Editanta Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Kin ga shi bai je kallo kawai ba, da guzuri ya dawo mana. Daga nan sai Kwalejin Barewa, sai Ƙofar Doka, sai fadar Sarkin Zazzau da tsohon masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina tun ƙarni na 19.

Shawarata ita ce, ku 'yan makaranta ku haɗa kai ku roƙi shugabar makarantarku a ɗauko bas a zaga da ku, da malama, da yardar iyaye, kowa da biro da littafinta. Amma ina jan kunnenku: duk saurayin da ya tsaya da mota ya ce "shigo in nuna miki gari", ki ce masa kin gode, garinku ne. Wannan ba yawon buɗe ido ba ne, rijiya ce. Wanda kuma ya zo zance yana cika miki baki da Landan, tambaye shi wa ya gina masallacin Zariya, ki ga yadda zai yi ta sosa ƙeya.

Ku rubuto mini abin da kuka gano. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku ta PZ, Zariya