Famfo Ya Fashe, Wa Zai Biya?

'Yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, akwai wata takarda da ake tallata mana a ofisoshi da bankuna, wadda ya kamata mu zauna mu karanta ta da idon basira. Sunanta inshorar gida. Mai talla zai zo da kwat da jaka, ya ce ka biya ɗan wani abu a shekara, in gobara ta tashi, ko ɓarawo ya shiga, ko bututun ruwa ya fashe, kamfani zai biya ka diyya. Ba gobara ko sata ce ta dame mu yau ba. Maganarmu a kan ruwa take, domin a nan ne muka ga an ɗinka mana riga da awon wani.

Galibin waɗannan takardu suna biyan ɓarnar ruwa ne idan tanki ko bututu ya fashe farat ɗaya, ba zato ba tsammani. Abin da ya lalace sannu a hankali kuwa, watau yoyo da tsatsa da danshi da tsufan kaya, babu ruwan kamfani da shi. Ko da fashewar ta farat ɗaya ce ma, abin da ruwan ya ɓata ake biya, kamar silin da darduma da katifa. Shi bututun da ya jawo masifar, da ladan mai gyaran famfo, sau da yawa daga aljihunka za su fito.

Daga ina wannan ƙa'ida ta zo? Daga Ingila, inda muka gaji harkar inshora tun zamanin mulkin mallaka. Can, idan sanyi ya tsananta ruwa yakan daskare a cikin bututu, kuma ruwa in ya zama ƙanƙara yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya tsaga ƙarfen. Da ƙanƙarar ta narke, gida ya cika da ruwa cikin dare ɗaya. Ga Bature, wannan takarda ta yi daidai da cutarsa. To, a Kano ko Zariya ko Sakkwato, wa ya taɓa ganin hunturu ya daskarar da famfo? Tamu cutar daban ce. Tsohon bututun ƙarfe ne da aka binne a cikin bango tun ana gina gidan, tsatsa tana cin sa daga ciki, yana ɗiga watanni ba wanda ya sani, sai ranar da fenti ya kumbura, bango ya fara zubar da gari. Ko kuwa banɗakin bene ne ke tsiyaya a kan silin na ƙasa, ko sokawen maƙwabci ya cika yana jiƙa tushen gini. Duk waɗannan a hankali suke aukuwa. Ashe ke nan ɓarnar da ta fi samun mu, ita ce aka tsame daga cikin takardar tun kafin mu sa hannu.

Za su ce inshora ba kwangilar gyaran gida ba ce, kula da gida aikin mai shi ne. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma ƙaramin ma'aikaci a gidan haya yake, ko a gidan gwamnati. Ba shi ya binne bututun ba, ba ya ganin sa, ba shi da ikon fasa bango ya duba. Inshorar mai gida, in ma yana da ita, ginin ta rufe, ban da kayan ɗan haya. Ta ɗan haya kuwa ta ce yoyon ya daɗe. Sai a bar shi tsakiya da jiƙaƙƙun littattafai da takardun shaidar karatu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Sa'an nan ga abin da kowa ya sani a garuruwanmu: famfo yakan yi kwanaki babu ko ɗigo. Yaro ya murɗa, bai ga komai ba, ya tafi ya bar shi a buɗe. Ruwa ya zo ƙarfe uku na dare, kafin asuba falo ya zama tafki. Babu abin da ya fashe, saboda haka kamfani yana iya cewa sakaci ne. Haka kuma takardu da yawa sukan janye kariyar ruwa idan gida ya wuce kwana 30 babu kowa a ciki, alhali kuwa hutun shekara ko kwas ɗaya ya isa ya raba ma'aikaci da gidansa tsawon haka.

Akwai wani tarkon da faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta ƙara wa kaifi. A ce ka yi wa kayanka inshora a kan naira miliyan 2, yau kuɗinsu ya kai miliyan 4, ruwa ya ɓata na miliyan 1. Kamfani zai ce rabin dukiyarka ka rufe, saboda haka rabin ɓarnar zai biya, kuma daga cikin rabin a cire kason farko da sharaɗi ya ɗora maka. Mai talla nawa ne ya taɓa faɗa wa mutum wannan da bakinsa?

Ita ma doka ba ta duba wannan gefen ba. Sashe na 65 na dokar inshora ta 2003, wadda sabuwar doka ta maye gurbinta a 2025, ya wajabta yi wa gine-ginen jama'a inshora, har da gidajen haya da ɗakunan kwanan ɗalibai. Amma haɗurran da ya lissafa su ne rushewa da gobara da girgizar ƙasa da guguwa da ambaliya. An tuna da girgizar ƙasa, an manta da famfo. Kuma a cikinmu, wa aka taɓa nuna wa takardar inshorar ɗakin da yake kwana?

Da yawa daga cikin mutanenmu sun guji inshora saboda riba da cinikin garari, shi ya sa muka yi murna da hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013. Sai dai muna tunatar da kamfanonin takaful cewa garari shi ne sayen abin da ba ka san haƙiƙaninsa ba. Idan suka kwafo waɗannan sharuɗɗa da Turancin lauyoyi, cikin ƙananan baƙaƙe, suka miƙa wa wanda bai fahimta ba, to tsugune ba ta ƙare ba.

Muna kira ga NAICOM ta tilasta wa kowane kamfani ya haɗa takardarsa da shafi ɗaya cikin Hausa, wanda zai faɗi ɓaro-ɓaro irin ruwan da ake biya da wanda ba a biya, kuma a samar da kariyar yoyon da ke ɓoye a cikin bango ga mai son ƙara kuɗi ya saya. Kafin a yi haka, duk wanda mai talla ya zo masa, ya tambaye shi labarin tsohon bututu da famfon da aka bari a buɗe, ya ce a rubuta masa amsar a sa hatimi. Ƙungiyarmu kuma ta rubuta wa hukumar jami'a ta nemi ganin takardar inshorar ɗakunan kwananmu kafin damina ta faɗi.