Wat Dubu Biyar a Jikin Kwali, Tauye Mudu Ne

 

Maganarmu ta yau a kan sifika ce, watau akwatunan sauti ƙanana guda biyu da ake ɗorawa kan kanta ko teburi a ɗaki. Duk lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta koma karatu, ɗalibai kan cika rumfunan kayan lantarki daga PZ har kasuwar Samaru. Haka iyayen amare masu haɗa kayan ɗaki, da masu shagon aski, da teloli. Ɗakin yawancinsu bai wuce ƙafa 10 a kan 12 ba. Amma da mutum ya tsaya bakin rumfa, abin da za mu fara nuna masa shi ne kwali mai rubutun wat 3000 ko wat 5000 da manyan lambobi. Mu dai ra'ayinmu shi ne, sayar da kaya da wannan lamba daidai yake da awo da mudun da aka buga wa gindi. Ya kamata mu bari.

Ga dalili, kuma lissafi ne da kowane ɗan kasuwa zai iya yi da ka. Na'ura ba ta iya fitar da ƙarfin da ya fi wanda ta sha daga wuta. Dutsen guga na lantarki yana cin wajen wat 1000. Ashe akwatin da zai ba da wat 5000 na gaskiya sai ya sha wutar dutsen guga biyar a lokaci ɗaya, ƙaramin janareta ma ba zai ɗauke shi ba. To juya akwatin nan ka duba 'yar takardar da ke manne kusa da wayar wuta. Sau da yawa za ka tarar wat 30 ko 50 yake sha. Ina sauran dubban suka fito? Daga bakin mai buga kwali.

Idan ka lura, kusa da babbar lambar akwai haruffan boko huɗu, PMPO. Wannan awo ba shi da ƙa'idar da kowa ya yarda da ita, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Awon da ake iya riƙewa shi ne mai haruffa uku, RMS, watau ƙarfin da na'ura ke bayarwa a ɗore, ba na ƙiftawar ido ba. Wannan rigima ba sabuwa ba ce. A Amurka ƙaryar wat ta yi yawa har a 1974 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta kafa doka cewa duk mai tallar amfilifaya dole ya faɗi ƙarfinta na ɗorewa. A shekarar nan ce Udoji ya miƙa rahotonsa na ƙarin albashi a nan Nijeriya. Dattawanmu na kasuwa sun tuna yadda ma'aikata suka yi ta kwasar rediyo da kaset na National da Sony da Sanyo da kuɗin ya shigo hannu a 1975. Kayan wancan zamani ba su ɗauke da lambar dubbai, amma sun cika falo da sauti.

Gaskiyar magana, ƙaramin ɗaki ba ya bukatar ƙarfi mai yawa. Sifika matsakaiciya, idan aka ba ta wat ɗaya tak, tana fitar da ƙara wajen desibel 85 zuwa 88 ga wanda ke zaune nisan mita ɗaya. Wannan ƙara ce da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, kuma masana lafiyar kunne sun ce wanda ya saba wuni cikin irinta kullum jinsa zai ragu. Sa'an nan kunne ba ya lissafi irin na kasuwa. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kaɗai ka ƙara. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai ka ninka wat sau goma. Saboda haka wat 15 zuwa 30 na gaskiya a kowane ɓangare ya ishi ɗakin ɗalibi ko na amarya, har da saura.

Kada kuma a raina ƙaramin akwati. Gidan rediyon BBC, wanda sashensa na Hausa muke saurara tun 1957, injiniyoyinsa sun ƙera wata 'yar sifika mai suna LS3/5A a tsakiyar shekarun 1970, don aiki a cikin motocin ɗaukar shiri inda wuri ya yi ƙunci. Tsawonta kamar ƙafa ɗaya ne. Abin da suka nema shi ne muryar mutum ta fito kamar yana gabanka. Har yau ana ƙera ta a Ingila, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin kasuwarmu nesa ba kusa ba. Ba tallarta muke yi ba. Muna nuna cewa waɗanda sauti ne sana'arsu, da ɗaki ya yi ƙanƙanta, akwatin suka rage.

To yaya za a zaɓa? An ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ya kori gani. Fitilu masu walƙiya da fenti mai ƙyalli ba sa ƙara komai.

Na farko, a gwada da magana kafin kiɗa. A sa karatun Alƙur'ani, ko tafsiri, ko labaran rediyo, a rage murya. In haruffa sun fito tas, akwati ya yi. In murya ta fito kamar daga cikin tulu, a ajiye shi komai rugugin da yake yi.

Na biyu, a ƙwanƙwasa jikin akwatin. Katako mai kauri ba ya amsawa. Roba mai shara-shara tana amsawa kamar ganga, kuma haka za ta riƙa kakkarwa a gida.

Na uku, ga masu sayen na hannu, irin wanda ake kawowa daga kasuwar Alaba ta Legas: a cire ragar gaba a duba soson da ya zagaye bakin sifikar, don shekaru da zafi suna ruɓar da shi. A sa yatsu a danna bakin a hankali. In an ji ƙaiƙayi ko gogayya, wayar ciki ta taɓa ƙonewa.

Na huɗu, in sifikar ba ta da amfilifaya a ciki, a duba lambar om a bayanta, 4 ko 6 ko 8. Kada a haɗa mai 4 da amfilifayar da aka rubuta mata 8 kaɗai, za ta yi zafi ta mutu. Kuma a sani, ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe tana ƙona ƙaramin bakin nan mai siririyar murya. Da an ji sauti ya fara fashewa, a rage.

Na biyar, a gaya wa mai saye inda zai ajiye. Kada a ƙasa, kada a cusa a kusurwa. A ɗora daidai kunnen mai zama, a bar kamar taƙi ɗaya ko biyu tsakaninta da bango, jar waya ga ja, baƙa ga baƙa. Wannan shawara kyauta ce, amma ta fi ƙarin kuɗi gyara sauti.

Mun san abin da wasu za su ce: ai mai saye ne ke tambayar wat nawa, in ban ba shi babbar lamba ba, maƙwabcina zai ba shi. Haka ne, kuma ba mu musun cewa kasuwa ta yi tsauri. Tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023 kuɗin kayan waje ya yi tsalle, kowa na neman abin da zai kai gida. Amma tsadar nan ita ce ta sa ha'incin ya fi ciwo. Kwanan baya mun ga wani yaro ɗalibi ya dawo wata rumfa rungume da kwali, sati biyu da saye, baki ɗaya ya ƙone. Kuɗin da ya tara na wata da watanni ne. Aka ce masa kayan lantarki ba a mayarwa. Ya tafi bai yi faɗa ba. Sai dai yaron nan shekara huɗu zai yi a Samaru, yana da abokan ɗaki da 'yan aji, kuma ba wanda zai raka wannan rumfa. Ribar yini ɗaya ta cinye cinikin shekaru. Ballantana dillali, wanda ba shi da jari sai sunansa.

Kuma duk wanda ya yi karatun allo a cikinmu ya san sura guda aka saukar a kan masu tauye awo, Suratul Muɗaffifina. Ba mu ne muka buga kwalin ba, gaskiya ne. Amma wanda ya san lamba ƙarya ce, ya kuma nuna ta da yatsa don a saya, ya sa hannu.

Roƙonmu ga shugabannin 'yan lantarki na kasuwannin nan biyu abu uku ne. A daina kiran lambar PMPO a wurin ciniki. Kowace rumfa ta tanadi wuta, ko da batir ne, don a gwada kaya gaban mai saye kafin ya biya. A kuma amince da kwanaki kaɗan na mayarwa, a rubuta a rasit. Ga masu saye kuwa, ku juya akwati ku karanta bayansa, ku saurara da kunnenku, ku tuna maƙwabci yana da haƙƙin barci. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da cin haram. Haza wassalam.