Farin Magi: Guba Ne Ko Kuwa Tsoro Ne Kawai?

Kwanan baya a wajen wani suna a nan Bagwai gardama ta kaure a gindin murhu. Wata dattijuwa ta hana a zuba farin magi a miya, wai tsinka hanji yake yi, wata kuma ta ce ai har tabon tufafi ake fitarwa da shi. Na ce mata, Inna, lemon tsami ma yana wanke tsatsa, amma ba mu taɓa kiransa guba ba. Aka yi dariya, amma maganar ba ta bar raina ba, domin 'yan makarantarmu ma suna yi mini wannan tambaya.

Shi dai wannan gari da muke kira farin magi ko Ajinomoto, wani malami ne a Japan, Kikunae Ikeda, ya gano shi a 1908 cikin wata ciyawar teku da mutanensu ke yin romo da ita. Yanzu kuwa daga rake ko rogo ko masara ake yinsa, ta hanyar tsimawa. Sinadarin da ke ba shi ɗanɗano, watau gulutamet, yana nan cikin tumatirin da ake nomawa a madatsar ruwa ta Watari, yana cikin nonon uwa, yana kuma cikin daddawar da kakanninmu suka saba yi da kalwa. Jiki ba ya bambanta na leda da na daddawa.

To, daga ina tsoron ya fito? A 1968 wani likita a Amurka, Robert Ho Man Kwok, ya rubuta wa wata mujallar likitoci wasiƙa cewa jikinsa yakan mutu in ya ci abinci a gidan abincin Sinawa. Zato ne kawai ya yi, har ma ya ambaci gishiri cikin abubuwan da yake zargi. A 1969 aka yi wa jariran ɓeraye allurarsa da yawa, ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Amma fa allura ce, ba miya ba. Da aka daɗe ana bincike, a 1987 kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa shi cikin kayan abincin da ba su da haɗari in an yi amfani da su yadda aka saba. Wani rahoto na 1995 a Amurka ya ce wasu mutane kaɗan sukan ji ciwon kai ko zafin fuska na ɗan lokaci in sun sha giram 3 ko fiye ba tare da abinci ba. Wadda ta lura jikinta ba ya so, sai ta bari.

Ni abin da ya fi damuna shi ne hannunmu ya yi nauyi. Mace za ta sa gishiri, ta marmasa dunƙule huɗu, ta barbaɗa farin magi, sa'an nan ga kanwa a miyar kuka. Dukkansu huɗun suna ɗauke da sinadarin nan na gishiri mai ta da hawan jini, kuma shi dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau abin da bai cika ƙaramin cokali ba. Ku auna da tukunyarku. Hawan jini kuwa ba ya sallama, musamman ga mai ciki da maigida da ya manyanta. Farin magi yana da kashi ɗaya cikin uku ne kacal na abin da gishiri ke da shi, saboda haka in za a sa shi, lalle a rage gishirin, ba a haɗa su a cika ba.

Sai kuma wanda ake aunawa a kasuwa a ƙulla a farar leda, babu suna babu lambar hukumar NAFDAC. Wannan kam ba na saye, domin mai sayarwar ma ba zai iya gaya miki abin da ke ciki ba.

Ku kuma 'yan mata masu koyon girki, farin magi ɗanɗano yake ƙarawa, ba ya gina jiki. Miyar da babu wake, babu gyaɗa, babu ko ɗan busasshen kifi, sai ruwa da magi, za ta yi daɗi a baki, amma ƙanenku zai tashi da tumbi da siraran ƙafafu. Ni a gidana daddawa nake fara sawa, in ɗanɗana, sa'an nan in duba ko akwai sauran abin da miyar ke nema.