An bar jaki ana dukan taiki: ihun “a canja kwatabak” a Amurka

Daren Lahadi, 6 ga Oktoba 2002, a birnin Cleveland na jihar Ohio, wani matashi mai suna Tim Couch yana durƙushe a fili bayan ya sha karo a ka, bai san gabas da yamma ba. Daga kujerun 'yan kallo sai aka ji sowa. Da magoya bayan Baltimore Ravens ne, abokan karawarsu a ranar, da ba abin mamaki. Wasu ne daga cikin mutanen gida, sanye da rigar Cleveland Browns irin wadda ke jikinsa, suke murna ɗan wasansu ya ji ciwo don a sako wanda ke benci. Bayan an tashi, Couch ya tsaya gaban 'yan jarida a ɗakin sauya kaya yana magana hawaye na zuba.

Abin da ya fito da wannan sowar daga bakin mutane wani ra'ayi ne da ya zama kamar karatun sallah a wajen masu bin ƙwallon Amurka: idan ƙungiya tana shan kashi, a canja kwatabak, komai zai daidaita. Ana jin sa a shirye-shiryen rediyo da ake buga waya ranar Litinin da safe, ana ganin sa a kwalayen da ake ɗagawa a fili. Su kansu Amurkawa suna yi wa juna ba'a cewa babu mai farin jini a gari kamar kwatabak na biyu. Ni dai na daɗe ina ganin wannan ra'ayi lalaci ne na tunani, kuma ya rusa ƙungiyoyi fiye da yadda ya gyara.

Ga wanda bai saba da wasan ba, kwatabak shi ne madugun masu kai hari. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10, in ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Kusan kowane yunƙuri daga hannun kwatabak yake farawa: koci ya faɗa masa dabara ta na'urar da ke cikin hular kwanonsa, ya isar wa sauran, ya duba yadda masu tsaron baya suka jeru, a miƙo masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, ya ja da baya. Daga nan bai fi daƙiƙa uku gare shi ba. Ƙarti biyar ne a gabansa, kowanne ya haura kilo 130, aikinsu su tare masu zuwa kayar da shi. In ɗaya daga cikinsu ya yi sakaci, an gama. In mai karɓar jifa ya karya hagu a inda aka tsara dama, ƙwallo zai faɗa hannun abokin hamayya, kuma a takarda sunan kwatabak za a rubuta. Kyamarar talabijin ƙwallo take bi, don haka mai kallo a falo yana ganin jifan da ya lalace, ba ya ganin wanda ya lalata shi.

A 2002 ɗin nan, David Carr na sabuwar ƙungiyar Houston Texans an kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 76 a kaka ɗaya, adadin da ba a taɓa yi wa kowa ba. Shi ma Couch a shekararsa ta farko, 1999, sau 56 aka kai shi ƙasa. Dukansu biyu su ne na ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i a shekarunsu. An ɗauko yaro mafi hazaƙa a ƙasar, an jefa shi bayan katangar da ba ta da tushe, sannan ana tambayar me ya sa ya zama matsoraci.

Na san abin da mai ihu zai ce, domin kullum suna ɗaya yake kawowa: Tom Brady. Ai da ba a ajiye Drew Bledsoe ba, da duniya ba ta san Brady ba. To mu bi labarin daki-daki, don yawancin masu kafa hujja da shi rabinsa suka riƙe.

A watan Maris 2001 New England Patriots ta ba Bledsoe kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 103. Brady kuwa shi ne na 199 a zaɓen 2000, kuma a duk shekararsa ta farko jifa uku ya yi, ɗaya ya isa hannun wanda aka nufa. Babu wanda ya ɗaga kwali a fili yana neman a sa shi, mutane da yawa ko sunansa ba su riƙe ba. Ranar 23 ga Satumba 2001 Mo Lewis na New York Jets ya yi wa Bledsoe karon da ya tsinke masa jijiyar jini a ƙirji, saura ƙiris ya rasa ransa. Dole ce ta shigar da Brady. Abin da ya rage na shawara ya zo ne a watan Nuwamba, bayan Bledsoe ya warke, ƙungiya tana da nasara 5 da rashin nasara 5, gari ya rabu biyu, kuɗi kuma yana gefen Bledsoe. Koci Bill Belichick ya ce Brady zai ci gaba. Da me ya dogara? Da shekara ɗaya da rabi yana kallon yaron a atisaye, har ya riƙe kwatabak huɗu a 2000, abin da ba a saba yi ba, don kada wata ƙungiya ta ɗauke shi. Kuma a wasan ƙarshe na Super Bowl da suka doke St. Louis Rams 20 da 17 a Fabrairu 2002, yadi 145 kacal Brady ya jefa. Masu tsaron baya ne suka daƙile Rams, Ty Law ya cafe ƙwallo ya ruga ya ci, Adam Vinatieri ya buga na ƙarshe da ƙafa. Labarin Brady labarin koci ne da ya san abin da 'yan kallo ba su sani ba, da ƙungiyar da za ta iya goya yaro har ya tsaya da ƙafarsa.

Abin dariya ma, wannan Belichick ɗin a Cleveland ya fara zama babban koci. A Nuwamba 1993 ya sallami Bernie Kosar, ɗan jihar, abin ƙaunar gari, saura kaɗan mutane su cinye shi ɗanye. Haka aka yi a Green Bay a 2008, lokacin da manaja Ted Thompson ya ƙi mayar wa Brett Favre gurbinsa bayan ya yi ritaya ya dawo, ya miƙa ragama ga Aaron Rodgers wanda ya yi shekara uku a benci yana koyo. An yi wa Rodgers ihu a filin gida, a wasan atisaye ma. Kakar farko nasara 6 suka yi a wasa 16. Thompson bai motsa ba, a Fabrairu 2011 suka ɗauki kofi. Duba da kyau: canjin da ya yi albarka, magoya baya suka ƙi shi. Wanda suka nema da bakinsu fa?

Mu koma Cleveland, domin nan ne asibitin wannan cuta. Wanda aka yi wa Couch sowa dominsa sunansa Kelly Holcomb. A gaskiya ya yi abin a yaba: Couch ya kai ƙungiyar wasannin sili-ɗaya-ƙwale a kakar 2002, ya karye a ƙafa a wasan ƙarshe, Holcomb ya shiga ya jefa yadi 429 a kan Pittsburgh Steelers, duk da sun faɗi 36 da 33. Wasa ɗaya ya isa hujja. Aka naɗa shi a 2003, ƙungiya ta ƙare da nasara 5, rashin nasara 11. A 2007 Derek Anderson ya kai su nasara 10. Shekara na zagayowa ana kiran sunan Brady Quinn, har aka yi sowa ranar da Anderson ya ji ciwo a gwiwa. Quinn ya zo ya wuce.

Sai 2014. Brian Hoyer, ɗan yankin Cleveland, ba wani gwani na a zo a gani ba, ya kai su nasara 7 a wasa 11, abin da suka daɗe ba su gani ba. Daga baya hannunsa ya fara rawa, ƙwallo na ta faɗawa hannun abokan hamayya, wannan ba a musu. A benci kuwa ga Johnny Manziel, tauraron jami'ar Texas A&M, wanda ya ci kyautar Heisman a 2012, mai al'adar ɗaga hannu yana murza yatsu alamar kuɗi. Tun kafin ya taka fili rigarsa na cikin waɗanda aka fi saye a ƙasar. Ranar 14 ga Disamba aka ba mutane abin da suke so. Cincinnati Bengals ta zo har gida ta lallasa su 30 da nema. Manziel ya jefa yadi 80, an cafe masa biyu, 'yan Bengals na kayar da shi suna miƙewa su murza masa yatsu a fuska. Kallon kitse aka yi wa rogo. A Maris 2016 aka sallame shi, kuma a kakanni biyun da suka biyo baya Browns ta buga wasa 32 ta ci ɗaya.

Akwai wata riga da ta yi suna a garin, wadda aka rataya wa gunkin talla a tagar wani kamfani. Sunan Couch ne a bayanta, an soke, an liƙa na magajinsa a ƙasa, an soke, haka dai jerin ya yi ta sauka har ya wuce gindin rigar. Daga 1999 zuwa 2018 mutum 30 suka fara wasa a wannan gurbi. A ce duk talatin ɗin ba su iya ba? Kevin Stefanski da aka ɗauka a 2020 shi ne cikakken koci na 10 tun 1999. Kowane koci da littafin dabarunsa, kowane manaja da yaron da yake so ya nuna shi ya zaɓo. Ba wanda ya yi wa masu ƙungiyar da manajoji irin wannan riga, kuma su ne ba sa shan karo ranar Lahadi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Zan ba masu ihu nasu haƙƙin sau ɗaya. A Denver a 2011 magoya baya har allunan talla aka kafa ana neman Tim Tebow a madadin Kyle Orton. Ƙungiya na da nasara ɗaya a wasa biyar, aka sa Tebow, ta ƙare da 8 da 8, ta kuma fitar da Pittsburgh da jifan yadi 80 a ƙarin lokaci. An yi shagali. Amma ko rabin jifansa a kakar bai isa hannu ba, mako na zagayowa Patriots ta yi musu 45 da 10. John Elway, jami'in ƙungiyar wanda ya san gurbin ciki da bai, bai tsaya sauraron kowa ba: a Maris 2012 ya ɗauko Peyton Manning, ya tura Tebow Jets. Da ƙuri'a aka kaɗa a titunan Denver a ranar, ba mamaki Tebow ya samu kaso mai tsoka.

Ba ina cewa kada a taɓa canja kwatabak ba. Shekaru suna cin mutum, wani kuma da ma can bai kai ba. Ba kuma ina raina mai sayen tikiti ba, kuɗinsa ne, maƙogwaronsa ne. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki sa'a uku na ranar Lahadi a ɗora a kan kwana shida na atisaye da nazarin bidiyo da babu ɗan kallon da ya gani. Wanda ke benci farin jininsa daga rashin kuskure yake, rashin kuskurensa kuma daga rashin buga wasa. Kuma mai ƙungiyar da ya ga kujeru sun fara zama fayau ya san hanya mafi arha ta cika su: sabuwar fuska, sabuwar riga a shago. Gina katangar ƙarti biyar shekaru yake ci, ba ya kuma sayar da riga ko ɗaya.

Mutum na 30 a jerin kwatabak ɗin Browns shi ne Baker Mayfield. A Satumba 2018 ya shigo daga benci ya kawo musu nasarar farko bayan kwana 635. A shekaru uku na farko ya yi aiki ƙarƙashin manyan kociyoyi huɗu, duk da haka a kakar 2020 ya kai su nasara 11, suka doke Pittsburgh 48 da 37, nasararsu ta farko a sili-ɗaya-ƙwale tun kakar 1994. A 2021 ya ji ciwo a kafaɗar hagu tun mako na biyu, ya ci gaba da wasa da ita a ɗaure, wasansa ya ja baya, aka fara yi masa ihu. A wannan karon masu ƙungiyar ne cutar ta fi kamawa. A Maris 2022 suka ba Houston zaɓinsu na zagayen farko na shekara uku, suka ɗauko Deshaun Watson da kwantiragin dala miliyan 230 da dole a biya duka, alhali mata fiye da 20 sun shigar da ƙararsa kan zargin cin zarafi, abin da ya sa magoya baya da dama suka yi tir da cinikin. Hukumar NFL ta dakatar da shi wasa 11 kafin ya buga ko ɗaya.

Ranar 20 ga Oktoba 2024 Watson ya faɗi a filin gida, agararsa ta tsinke. Aka sake jin sowa daga kujeru, shekara 22 bayan ta Couch, har sai da abokin wasansa Myles Garrett ya fito ya yi Allah wadai. Browns ta ƙare wannan kaka da nasara 3, rashin nasara 14. Mayfield da aka ce bai isa ba, yana Tampa Bay a kakar, ya yi jifan ci 41, ƙungiyarsa ta zo ta ɗaya a rukuninta.