Saƙon da ban buɗe ba, ba na ɗauka

Ranar da labari ya fita cewa zan tafi Umra, kafin magariba zaurenmu ya cika da ƙunshe-ƙunshe. Wannan kilishi ne na ɗanta da ke karatu a Madina, wancan kuka da daddawa ne na wata ƴar'uwa da ke Jidda shekara da shekaru. Haka muke a Maraɗi, matafiyi ba ya tafiya da kayansa kaɗai. Na ce zan ɗauka, amma sai an kwance kowane ƙunshi a gabana. Gwaggona ta dube ni ta ce, "Yanzu ɗan nan, ni ce zan cuce ka?" Na ce, "Gwaggo, ba ke ba, amma wa ya ɗaure?" Ta yi shiru, don ita ma maƙwabciya ce ta ba ta.

Ra'ayina kenan, kuma na san ba zai yi wa wasu daɗi ba: a tafiyar ƙasashen waje, buɗe saƙo ba rashin yarda ba ne, shi ne yardar ta gaskiya.

Ba ina cewa a daina yarda da mutane ba. Doguwar tafiya ba ta yiwuwa sai da amana. Daga Maraɗi zuwa Yamai kaɗai, kilomita ɗari shida da ɗoriya, ta Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso, ka miƙa ranka ga direban da ba ka san ko ya yi barci jiya ba. A filin jirgin Diori Hamani ka miƙa akwatinka, ya shige bayan bango, ba za ka sake ganinsa ba sai a wata nahiya. A garin da muka yada zango jirgi ya yi jinkiri, muka kwana kan kujeru cikin sanyin da ban taɓa ji ba ko a hunturu. Wata tsohuwa daga Tawa, ba ta jin Faransanci balle Larabci, ta ciro fasfo da tikitinta daga lalita ta danƙa mini. Ba ta san sunana ba, Hausa kawai ta ji a bakina. Na kai ta har ƙofar jirgi, ita kuma ta raba mini dabino da addu'a. Wannan shi ne daɗin tafiya, kuma ba na son mu rasa shi.

Amma a wannan daren wani bawan Allah, mai fara'a da carbi a hannu, ya matso ya ce kayan hannunsa sun yi yawa, in riƙe masa ƙaramar jaka har mu sauka. Na ce ya buɗe. Ya ce ai a kulle take, makullin na wurin ƙaninsa. Na ba shi haƙuri. Wataƙila turare ne a ciki, Allah ne masani. Sai dai da an sami wani abu, ni za a tambaya.

Kakanninmu fatake sun yi tafiyar da ta fi tamu nisa da wuya. Sun je Gwanja ɗauko goro, sun bi ta Cadi da Sudan a ƙafa zuwa Makka, wasu su shekara da yawa a hanya. Sun ɗauki saƙo, sun riƙe dukiyar juna. To amma ayari na da madugu wanda ya san kowa da ubansa, kuma a kowane zango akwai mai masauki da zai tsaya maka shaida. In rigima ta tashi, akwai wanda zai ce, "Na san shi, ba halinsa ba ne." Yau shaidarka ɗaya ce: ƴar takardar da aka manna a jikin jaka mai ɗauke da sunanka. Ɗan duwan na Jidda bai san gidanku ba, bai san gwaggonka ba.

Wanda ke ganin na cika tsoro, ya tuna abin da ya faru da wata ɗaliba a ƙarshen 2018. An kama ta a Saudiyya saboda jaka mai ɗauke da tramadol da aka manna wa sunanta tun daga filin jirgin Kano, ba da saninta ba. Sai a Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya gano masu hannu a ciki. Ita ko ɗaukar jakar ba ta yi ba. Ina ga wanda ya karɓa da hannunsa, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kan kai ga kisa?

Abin da ya fi damuna shi ne kunya. Kunya ce ke hana yaro ya ce wa babba "a buɗe", kuma masu cuta sun san haka, shi ya sa suke bi ta hannun tsofaffi da malamai. Don haka nauyin ya fi hawa kan mai ba da saƙo. In kana ƙaunar matafiyin nan, kawo kayanka a buɗe, ku ɗaure tare, kada ka bari sai ya tambaya.

Gwaggo ta yi fushin kwana biyu. Da na dawo, ta zo karɓar zamzam da saƙon ɗanta. Kafin in miƙa mata, ta ce in kwance ta gani.