Kibiyar da Ba Sa Zanawa

A 2009, a Kabul, aka haska wa Janar Stanley McChrystal na Amurka zanen yaƙin Afganistan a bango: akwatuna birjik, kibiyoyi sun sarƙe kamar saƙar gizo-gizo, daga mayaƙa zuwa fataucin ƙwaya, daga nan zuwa abin da talaka ke ji a ransa. Ya ce ranar da suka gane zanen nan sun ci yaƙin. A Agustan 2021 Amurka ta kwashe komatsanta.

Ni ban ƙi zane ba. Yaƙi ba ya tafiya a layi ɗaya, wannan ya jawo wancan, wancan ya juyo ya hura wannan, kuma takarda guda kan nuna haka fiye da jawabin awa biyu. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masanan da ke taruwa a manyan otal na Yamai, su zana Sahel da Faransanci, su tafa wa juna, alhali ga kasuwa nan kusa, ba wanda zai tako ya tsaya gaban tiren tumatir ya tambayi mai shi abin da ya sani.

Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo! Bayan harin Inates a Disamban 2019, inda soja 71 suka rasu, aka hana hawa babur a Tilaberi; a Janairun 2020 kuma soja 89 suka rasu a harin Sinagodar. Ni ma na yi kukan sojan nan. To sai me? Yaron da ke kabu-kabu ya zauna ba aiki, manomi ya rasa mai kai masa kaya kasuwa, mutanen daji suka zo wa yaron da kuɗi da babur. Hari ya ƙaru, doka ta ƙara tsanani, aka sake zagayowa. Haka aka yi wa Difa a 2015, aka hana cinikin tattasai da kifi. An bar jaki ana dukan taiki.

Wannan kibiyar, wadda ke tasowa daga teburin mai doka ta dawo ta soki talaka, ita ce ba sa zanawa. Don me? Don akwatinsu ne a gindinta.

Kai da ni mun san kuɗinta. Tun da aka rufe gadar Gaya a 2023, kayan Lome sai sun ratso Kaya da Dori da Tera, motoci na jiran rakiyar soja kwana da kwanaki, kuma kowane kwanan jira a kan kwanon shinkafarka ake ɗora shi. A zana wannan, da Hausa da Zabarmanci, a kawo kasuwa mu gyara musu!