Ra'ayi: Kafin a jefar da allon kwamfuta, a fara binciken abin da ke damunsa

Duk wanda ya saba shiga ofisoshi da makarantu da wuraren buga takardu a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san wannan kusurwar da ake jibge allunan kwamfuta, waɗanda muke kira ekaran, an ce sun mutu. Ƙura ta lulluɓe su, babu wanda ya san takamaiman ciwonsu, sai dai a ce maka wata rana an kunna bai kama ba. Daga nan sai a rubuta takardar neman sabo, ko kuma aiki ya tsaya cak har sai kuɗi sun samu. A nawa ganin wannan asara ce da muke jawo wa kanmu, domin da yawa daga cikin allunan nan ba su mutu ba, kuma ko ɗan koyo zai iya gano matsalarsu idan ya bi a hankali, ya kuma san iyakarsa.

Dalilin farko shi ne halin da muke ciki. Nijar ba ta ƙera waɗannan kayayyaki, kuma ba ta da teku. Kowane allo sai ya bi ta tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa ko ya shigo ta Najeriya kafin ya iso hannun mai saye. Tun da aka rufe iyaka da Benin a shekarar 2023, kaya da yawa suka koma bin doguwar hanyar Lome ta ratsa Burkina Faso, kuma kowa ya ji a aljihunsa. A irin wannan yanayi, jefar da na'urar da wani ɗan ƙaramin abu ya lalace a cikinta almubazzaranci ne.

Dalili na biyu shi ne yadda allon yake a ciki. Allon zamani mai faɗi ba shi da tarkace da yawa. Akwai faifan da ke karɓar wutar gida mai ƙarfin volt 220 ya rage ta zuwa ƙaramar wutar da na'urar ke buƙata. Akwai faifan da ke karɓar hoto daga kwamfuta. Akwai fitilar da ke haska gilashin ta baya. Sai gilashin kansa. Sassa huɗu ke nan, kuma kowanne yana da alamar da yake nunawa idan ya kasa. Wanda ya san alamomin ya yi rabin aiki tun bai taɓa sukurudireba ba.

Bincike yana farawa ne daga waje. A duba wayar wuta, a sauya ta da wata, a gwada wani makunni a bango. Wasu allunan suna amfani da caja ta waje irin ta kwamfutar tafi-da-gidanka, mai volt 12 ko 14 ko 19, kuma sau da yawa cajar ce ke ƙonewa alhali allon lafiyarsa lau. Adadin volt ɗin yana rubuce a bayan allon, kuma ba a saka masa cajar da ta saɓa wa abin da aka rubuta. Daga nan a kalli ƴar fitilar da ke ƙasan allon. Idan ba ta kama ba kwata-kwata, wuta ce ba ta shiga. Idan ta kama amma launinta na jiran aiki ne, to allon yana da wuta, hoto ne bai zo masa ba. A nan sai a danna maɓallin saiti na jikin allon. Idan jerin saitin ya bayyana, allon ba shi da laifi: a koma kan wayar VGA ko HDMI, a tabbatar an zaɓi mashigar da ta dace, a gwada shi da wata kwamfutar. Hoton da ya rine ya koma ruwan hoda ko shuɗi kuwa yawanci alama ce ta wani tsinke da ya lanƙwashe a bakin wayar VGA, ko wayar ba ta zauna daidai ba. Duk waɗannan ba sa buƙatar ko dala ɗaya.

Akwai kuma gwajin tocila. Idan allon ya kama, hoto ya bayyana na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ya yi duhu, a haska tocilar wayar salula dab da gilashin ta gefe. Idan aka hango hoton dishi-dishi, to gilashin da faifan hoto suna aiki, fitilar baya ce ta ɗauke ko kuma sashen da ke ba ta wuta. Wannan ɗan gwaji kaɗai ya isa ya hana wani ya ce maka gilashi ne ya mutu.

Abin da ya fi kashe allunanmu shi ne wasu ƙananan gwangwanaye da ke kan faifan wuta, waɗanda masu gyara ke kira kondansatar. Aikinsu tace wuta da daidaita ta. A cikinsu akwai wani ruwa da zafi ke busarwa a hankali. Masu ƙera su kan rubuta cewa za su yi kamar awa 2,000 a zafin digiri 105, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage tsawon rayuwarsu da rabi. To mu da muke ganin sama da digiri 40 a inuwa cikin watannin Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu da ke toshe kafofin shan iska, ga wuta da ke ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi, ba abin mamaki ba ne su gaji da wuri. Har ila yau, yawancin allunan da ke hannunmu na hannu ne, sun riga sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai kafin su zo. Alamar wannan ciwo sananniya ce: fitila tana ƙiftawa, allon yana jinkirin kamawa da safe, kullum jinkirin yana ƙaruwa, har ranar da zai ƙi gaba ɗaya. Idan aka buɗe, za a ga kan gwangwanin ya kumbura, wani lokacin har ya tsiyayo da wani abu mai launin ƙasa.

Sauya su ba gagara-badau ba ne. Ana buƙatar ƙarfen narka dalma, da dalmar kanta, da na'urar awon wuta wato multimita. A ɗauki hoton faifan da waya kafin a cire komai. Sabon da za a saka ya zama adadin mikrofarad ɗinsa daidai da na tsohon, misali 470 ko 1000, adadin volt ɗinsa kuwa daidai ko sama da haka, kuma mai jure digiri 105. Yana da ƙafar da ake kira mai ƙari da mai ragi, layin da ke gefen gwangwanin yana nuna mai ragi, kuma idan aka juya shi zai fashe. Gara a sauya dukan ƴan uwansa da ke jere da shi, domin tare suka sha zafi. Kuɗinsu gaba ɗaya bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin wani allo.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma hujjar farko mai nauyi ce: haɗari. A kan faifan wutar akwai wani babban gwangwani guda, mai rubutun volt 400 ko 450, wanda ke riƙe wutar da ta haura volt 300, kuma yana iya ci gaba da riƙe ta bayan an zare waya daga bango. Wannan wuta tana iya yin kisa. Saboda haka ba a buɗe allo yana jone, ba a taɓa ƙasan faifan sai an jira an kuma auna da multimita an ga wutar ta sauka, kuma ba a haɗa ƙafafunsa da sukurudireba don sauke ta. Tsofaffin allunan masu faɗi suna amfani da siraran fitilun gilashi masu ɗauke da sinadarin makuri mai guba, kuma wutar da ke kunna su tana kai ɗaruruwan volt. Shi kuwa tsohon allo mai ƙusumbi, irin na tsohuwar talabijin, wutar cikinsa tana kai wajen volt 25,000, don haka ɗan koyo ba shi da abin yi a cikinsa. Duk wannan gaskiya ne. Amma amsar haɗari ita ce koyarwa. Ba mu hana yara koyon walda ko kanikanci ba don akwai wuta da ƙarfe a ciki, mun dai ce su zauna gaban maigida tukuna. Haka ma nan: binciken waje kowa na iya yi, buɗewa ta farko kuwa a yi ta a gaban wanda ya sani.

Hujja ta biyu ita ce wai za a toshe wa masu gyara hanyar abinci. Ban yarda da haka ba. A yau yawancin allunan nan ba sa ma zuwa wurin mai gyara, a kusurwa suke ƙarewa. Mutumin da ya fahimci cewa allo yana gyaruwa shi ne zai ɗauke shi ya kai, kuma zai je da bayanin da zai rage wa mai gyaran wahala. Wanda zai yi asara shi ne kawai mai cewa komai ya ƙone don ya saye shi a banza.

Hujja ta uku, cewa ba kowane allo ne ya cancanci gyara ba, ita ma daidai ce. Idan gilashin ya fashe, ko baƙin tabo ya bazu a cikinsa kamar tawada, ko layuka a tsaye suna nan daram har a kan jerin saiti, to gilashin ne, kuma kuɗinsa ya kusa kuɗin allon gaba ɗaya. A nan a haƙura. Amma ko a haka faifan wutarsa da na hotonsa da ƙafarsa suna iya tayar da wani irinsa.

Akwai kuma batun lafiya da muhalli. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar kayan lantarki da aka fitar a 2024 ya nuna cewa duniya ta tara tan miliyan 62 na wannan shara a shekarar 2022, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A Afirka bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ƙasashen nahiyar sun amince da yarjejeniyar Bamako tun 1991 don hana shigo da shara mai guba, amma sharar da muke tarawa da kanmu tana ƙarewa a juji, inda yara ke ƙona wayoyi don fitar da jan ƙarfe suna shaƙar hayaƙin. Su kansu ƙasashen da ke da kuɗin sayen sabo sun juyo: tun watan Maris na 2021 Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera allunan kwamfuta da talabijin su tanadi kayan gyara har tsawon shekaru bakwai, Faransa kuma ta fara saka wa wasu kayan lantarki makin sauƙin gyara a farkon wannan shekarar ta 2021. Idan masu shi sun koma gyara, mu da muke sayen abin da suka bari me muke jira?

Basirar ba ta yi mana ƙaranci ba. Wanda ya zagaya kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda ake mayar da tsohon ƙarfe tukunya da murhu, kuma kowace kasuwa a ƙasar nan tana da matasan da ke gyaran wayar salula, aikin da ya fi na allon kwamfuta ƙanƙanta da wuya. Abin da ya rage shi ne tsari. Ma'aikatun gwamnati da na magadan gari su daina barin allunan da suka tsaya suna ruɓewa a ɗakin ajiya, su miƙa su ga cibiyoyin koyon sana'a da makarantun fasaha irin su Dan Kassawa ta Maraɗi, ɗalibai su koyi aiki a kansu, waɗanda suka tashi a ba makarantun da ba su da ko ɗaya. Asusun FAFPA da ke tallafa wa koyon sana'a zai iya saka gajeren horo kan wannan a cikin shirye-shiryensa. Shugabannin ofisoshi kuma su sa doka mai sauƙi: ba za a sa hannu kan takardar sayen sabon allo ba sai an rubuta gwajin da aka yi wa tsohon da abin da aka gano.

Ga mai allo guda a gida ko a shago kuwa, rigakafi ya fi magani. A nesanta shi da rana, a bar masa sarari ta baya ya sha iska, a riƙa share ƙurar kafofinsa, a rufe shi da ƙyalle idan an kashe, a zare shi daga bango idan wuta ta ɗauke har sai ta dawo ta daidaita, kuma in da hali a sa masa na'urar daidaita wuta. Ranar da ya ƙi kamawa, a fara da waya da maɓallin saiti da tocila kafin a yanke masa hukunci.